Ɗakin zanen da ba a yaye ɗalibai

Yawancin cibiyoyin da ake buɗe wa masu buƙata ta musamman a garuruwanmu tsarinsu ɗaya ne: wata uku ko shida ana koyon haɗa sabulu, man shafawa ko ɗinkin takalma, sannan a yi bikin yaye ɗalibai. Ban raina wannan ba, ya fi bara nesa ba kusa ba. Amma aikin da nake yi a ɗakin zane da saƙa na manya a wata cibiya a Kano ya nuna min akwai mutanen da wannan tsari bai karɓe su ba. Su ne waɗanda larurarsu ta taɓa fahimta ko magana. Ba za su ɗinka takalma biyu iri ɗaya ba, amma hannunsu yana da abin faɗa.

Don irinsu aka kafa Creative Growth a birnin Oakland na jihar Kalifoniya a Amurka, a 1974. Wata mai zane, Florence Ludins-Katz, da mijinta Elias Katz, masanin halayyar ɗan Adam, su suka buɗe wurin a lokacin da ake sallamo mutane daga gidajen da gwamnati ke killace masu larurar ƙwaƙwalwa, ga shi ba su da inda za su wuni. Ma'aikatan wurin su kansu masu zane ne. Aikinsu su kawo kayan aiki, su nuna yadda ake sarrafa su, sannan su janye hannu. Ba a yaye kowa, mutum yakan yi shekaru da dama yana zuwa.

Labarin Judith Scott shi ya fi zauna min a rai. An haife ta a 1943 a jihar Ohayo da larurar Down, wadda ke taɓa fahimta, kuma kurma ce, amma an daɗe ba a gane ba ta ji, sai aka ɗauka ba za ta iya koyon komai ba. Tana shekara bakwai aka kai ta gidan killacewa, ta shekara 35 a tsare, har 'yar tagwaicinta Joyce ta ɗauko ta. A 1987 ta fara zuwa Creative Growth. Ta kusan shekara biyu tana zama a gaban takarda, ban da 'yan layuka ba abin da take yi. Da wata malamar saƙa, Sylvia Seventy, ta zo da zare, sai Judith ta kama naɗe sanduna da shi. Daga nan duk abin da hannunta ya kai gare shi, ko lema ko kujera ko ƙafar keke, sai ta lulluɓe shi da zare da tsumma, wani aikin ya ci makonni. Haka ta yi har ta rasu a 2005. Gidan tarihi na Brooklyn ya baje kolin ayyukanta a 2014, an kuma nuna su a babban baje kolin zane na Venice a 2017.

Waɗannan shekaru biyu na farko su nake tunawa kullum. Da kwas ɗin wata shida aka sa ta, da an rubuta "ba ta iya ba" an mayar da ita gida.

A ɗakinmu akwai wata baiwar Allah da ta haura shekara talatin, maganarta ba ta wuce kalma biyu ko uku. Ƙyallayen atamfa da muke karɓowa daga teloli take jerawa a tabarma, ja kusa da ja, shuɗi kusa da shuɗi, ta ɗaga wannan ta mayar da wancan, sai ta gamsu take ɗaukar allura. Ɗinkinta manya-manya ne, a karkace. Baƙi sukan miƙa hannu za su daidaita mata, ni kuwa in ce su bari, don karkacewar a sane take yin ta. Mahaifinta ya taɓa tambayata, "Malama, yaushe za ta fara ɗinka abin da za a saya?" Yana da gaskiyarsa, shi ke biyan kuɗin adaidaita sahu zuwa da dawowa. Na ce, "Baba, a ƙara mata lokaci, wannan ɗin ma abin sayarwa ne."

Sai dai sayarwar ma da ƙa'ida. Ba na son mai saye ya ce "Allah sarki" ya ajiye kuɗi bai ko dubi aikin ba, wannan sadaka ce. Muna rubuta sunan mai aiki a jikin aikinsa, mu sa farashi, kasonsa kuma ya shiga hannunsa a gaban iyayensa.

Abin da ya fi hana mutane zuwa bai shafi fenti ko zare ba. Dokar hana nuna wa masu buƙata ta musamman bambanci, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, har yanzu matakala ce ke tarar mai keken guragu a wurare da yawa. Duk wanda ya zo min da niyyar buɗe irin wannan ɗaki, ina fara tambayarsa faɗin ƙofa, da banɗaki, da wanda zai iya maganar kurame, da wanda zai ɗauki nauyin kuɗin mota shekara da shekaru.