Fanka ta yaudari na'urar da na saya don ta riƙa kashe ta

Tun da muka sa sola a gidanmu a Kano nake rigima da yara a kan fanka. Za a watse daga falo bayan sallar isha'i, a bar fanka tana juyawa, fitila na ci, sai wajen ƙarfe uku na dare inbata ta fara kuka, batir ya zube, kowa ya tashi cikin gumi. Na yi faɗa har na gaji. Da yake dama ina da Home Assistant, manhajar da ke sarrafa kayan lantarkin gida, a kan wata ƴar kwamfuta Raspberry Pi, da makunnai masu karɓar umarni daga nesa, sai na ce bari ɗakin da kansa ya riƙa sanin ko da mutum a ciki.

Na fara da na'urar da kowa ya sani, mai farin ido kamar rabin ƙwallo, wadda ake kira PIR. Ita zafin jiki take kallo, kuma sai zafin ya gusa daga wani wuri zuwa wani take ankara. Idan ka zauna shiru, a wurinta ka fita. Ranar farko Hajiya ta idar da magariba, ta zauna a kan darduma tana lazimi, babu abin da ke motsi sai yatsunta a kan carbi. Minti biyar, ɗif, fitila da fanka suka mutu. Ta ɗaga hannu sama, suka kawo. Da abin ya maimaitu sau uku ta aika a kira ni.

"Kai, zo ka cire mini wannan abin naka. Ina ambaton Allah yana sa ni ɗaga hannu kamar mai tsayar da a-daidaita-sahu."

Akwai kuma wata matsalar da sai a watan Afrilu na gane ta. Idan zafin gari ya haura maki 40, bango da kujeru suka ɗauki zafi kusan daidai da na jikin mutum, na'urar sai ta dushe. Ka shigo falo da rana tsaka sai ka yi taku huɗu ko biyar kafin ta san ka shigo.

Daga nan na koma neman mai rada. Ita igiyar rediyo take harbawa, ta jira ta dawo, ta auna yadda ta sauya. Saboda igiyar gajera ce ƙwarai, ɗan ɗagawar da ƙirji ke yi lokacin numfashi ya ishe ta ta san da mutum. Zafi bai dame ta ba, duhu ma haka.

Kuskurena na farko shi ne sayen mafi arha. Na yi odarta ta intanet daga Sin, an rubuta a kwalinta cewa igiyarta ta milimita ce, ana liƙa ta a silin. Da ta iso na duba takardar ciki na ga gigahaz 5.8 (gigahaz shi ne ma'aunin saurin kaɗawar igiya). Tsawon igiyar wannan zangon ya kai santimita biyar, ke nan sunan milimita ara mata aka yi. Na gigahaz 24 tsawonsa milimita 12 da rabi ne, na gigahaz 60 kuwa milimita biyar. Wannan bambancin a aikace ake jin sa: gwargwadon tsawon igiya, gwargwadon yadda take ratsa katako da siririn shinge, kuma gwargwadon yadda take kasa tantance inda abu yake daidai. Tawa tana ganin duk wanda ya gitta ta bayan ƙofar katako zai shiga kicin. Ga surutu. Ta Zigbee take magana, wato hanyar da ƙananan na'urorin gida ke aika saƙo ba tare da waya ba, kuma kusan kowace daƙiƙa sai ta aiko da rahoton nisa, har sauran makunnai suka fara jinkirin amsa umarni.

Duk wannan da sauƙi. Babbar masifar ita ce fanka. Mutum ya shigo, na'ura ta kunna fanka, mutum ya fita, ita kuma ta ci gaba da ganin fukafukai uku suna juyawa kusa da hancinta, ta ce ai da mutum. Fankar da na kawo na'urar don ta kashe, ita ce ke ba ta shaidar cewa kada ta kashe. Kwana biyu fanka na aiki a falon da babu kowa. Maiɗakina ta dube ni ta ce, "Abban yara, da yaran da na'urar taka ban ga wanda ya fi wani ba."

Sai na zauna na yi lissafin da ya kamata in yi tun kafin in kashe ko kwabo. Rada ba ta barci, shi ya sa yawancinsu ba sa aiki da ƙaramin batir, sai an ja musu waya daga caja. Ƴar na'urar tare da allon da ke haɗa ta da Wi-Fi suna cin kusan wat ɗaya dare da rana. A awa 24 ya kama kusan abin da ƙwan fitila mai wat 9 zai ci cikin awa biyu da rabi zuwa uku. Ke nan idan don fitila kaɗai ka saye ta, ribar ba ta taka kara ta karya ba. Fankar silin kuwa irin tamu ta da tana cin wat 70 ko kusa da haka. A nan ne kuɗin yake. Saboda haka tambayar da zan yi wa kowace na'ura guda ɗaya ce: za ki bar ni in gaya miki inda za ki kau da kai?

Da wannan tambayar na tace su. Aqara FP2, wadda ta fito a 2023, gigahaz 60 ce, tana zana maka taswirar ɗaki a waya, ka yanka shi shiyya-shiyya har talatin, ka kuma nuna mata wuraren da ke da abu mai motsi don ta yi watsi da su. Na yaba da ita, amma kuɗinta a naira zai saya mini ƙananan da yawa, ni kuma ɗaki huɗu nake son rufewa. Akwai LD2450 ta kamfanin Hi-Link mai bin sawun mutum uku a lokaci guda ta faɗi inda kowa yake, sai dai ƙarfinta a kan mai tafiya yake, ni kuwa matsalata Hajiya ce a zaune. Na tsaya a kan ƴar uwarta LD2410C, mai gigahaz 24, wadda ba ta kai girman kwalin ashana ba. Na haɗa ta da allon ESP32 mai sada ta da Wi-Fi, na ɗora masa manhajar ESPHome da ke sa shi magana da Home Assistant.

Abin da ya ja ni gare ta shi ne yadda take yanka nisa. Mita shida take gani, kuma ta kasa su gaɓa-gaɓa, kowace gaɓa santimita 75. A kowace gaɓa akwai awo biyu daga sifili zuwa 100, ɗaya na mai motsi, ɗaya na wanda ke zaune shiru, kuma kai za ka sa iyakar da idan awo ya haura ta za a ce da mutum. Tana da Bluetooth, don haka da manhajar HLKRadarTool kana iya kallon lambobin suna hawa da sauka a wayarka.

Daren wata Juma'a na kori kowa daga falo, na kunna fanka a lamba biyar, na fita tsakar gida na tsuguna a gindin taga da waya a hannu, sauro na cin ƙafata. Gaɓa ta uku da ta huɗu suna ta tsalle, nan fanka take. Ta bakwai ma tana ɗan harbawa, na rasa dalili, sai da na leƙa na ga labulen ƙofar baya ne iska ke kaɗawa. Labule ya zo da sauƙi, na rage nisan gani zuwa gaɓa shida, wato mita huɗu da rabi, ya fita daga lissafi, tare da masu wucewa ta bayan ƙofa.

Fanka ce ta ba ni wuya. Idan na ɗaga iyakar gaɓarta sosai, duk wanda ya zauna a kujerar da ke ƙarƙashinta shi ma ya ɓace, domin na'urar nisa kawai ta sani, ba ta san sama da ƙasa ba. Maganin bai fito daga waya ba. Na sauko da ita daga saman bango zuwa daidai ƙirjina, na ɗan sunkuyar da fuskarta, sannan na yanko guntun kwanon rufi na lanƙwasa mata shi a ka kamar bakin hular hana-sallah. Ƙarfe ba ya barin igiyar ta wuce. Lambobin fanka suka faɗo ƙasa, na sa iyaka kaɗan a samansu, na kuma ce sai ta yi minti biyu ba ta ga kowa ba kafin ta kashe komai.

Tsohuwar PIR ma ban jefar da ita ba. Ita ke kunna fitila da dare don ta fi saurin ankara da mai shigowa, rada kuma ita ke yanke hukuncin kashewa.

Kafin in sa ta a ɗakin kwana sai da na buɗe ƙoƙon a gaban maiɗakina ta gani da idonta babu kyamara, na kuma nuna mata cewa bayanan a kwamfutar gida suke tsayawa. Ta yarda da falo da ɗakin yara, ta ce namu a bar shi da makunnin bango. Hajiya kuwa yanzu tana lazimi har isha'i fitila ba ta ƙifta ba. In ta tashi fita, har yau sai ta miƙa hannu ta kashe fankar da kanta, wanda hakan ke yanke wa makunnin nawa wuta gaba ɗaya, sai in bi bayanta in mayar.