Godiya Bayan Zaman Zoɓo na Ranar Asabar

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Alhamdu lillahi, an yi taro an tashi lafiya, kowa ta koma ɗakinta lafiya. Sai yau na samu na zauna, bayan an wanke robobi, an mayar wa maƙwabta da kujerunsu da tabarminsu. A gaban jama'a aka yi mini alheri, shi ya sa nake so in yi godiyar a gaban jama'a.

Ga wanda bai san zancen ba, mu mata ne masu sana'ar kayan sha a nan Kano. A cikinmu akwai masu ƙulla zoɓo da kunun aya a leda, akwai masu ɗurawa a gora su aika ofisoshi da shaguna, akwai kuma waɗanda ake ɗauka a biki su haɗa lemo a dogayen kofuna, irin wanda masu otal ke kira moktel, wato haɗin da babu giya a ciki. Lokaci-lokaci mukan tsayar da abu guda, kowa ta je ta yi tunani a kansa ta zo da nata haɗin. Mun yi na tsamiya, mun yi na aya. Wannan karon aka ce zoɓo, aka kuma ɗora mini masauki. Sharaɗin shi ne kowane kofi sai da zoɓo a ciki, ba a yarda da kalar leda ko ƙamshin kwalba ba, ba a yarda da wani abu mai sa maye ba ko da ɗigo ne. Sai na ƙarshe, wanda na ƙara da kaina, wanda kuma ya hana ni barci: kowa za ta rubuta awonta a takarda, ta ba kowa.

Duk mai wannan sana'a ta san nauyin abin da na roƙa. Idan ka tambayi mace yadda take haɗa zoɓonta, amsar da aka saba ita ce "ai ɗan citta ne da ɗan kanumfari, sai ki zuba daidai misali." Ba rowa ba ce. Wannan awon shi ne kuɗin makarantar 'ya'yanta, shi ne adashinta, shi ne ya sa mai saye ke wuce ƙofa uku ya zo tata. Na yi zaton rabin waɗanda na gayyata za su ba da uzuri. Mata 17 suka zo, takarda 17 aka ajiye a kan faranti.

Godiyata ta farko ga Hajiya Babba, aminiyar mahaifiyata, wadda tun ina 'yar firamare nake sayen zoɓonta. Ita ta fara miƙa takarda, jikarta ta rubuta mata. Da ta ga wasu na jan ƙafa sai ta ce, "'Ya'yana, ni na kusa ajiye ludayi, in ban faɗa muku ba wa zan faɗa wa?" Ta sa aka hura gawayi a tsakar gida ta yi a gabanmu. Kwano ɗaya na zoɓo, ruwa lita 12. Abin da ya ba yawancinmu mamaki, Hajiya ba ta dafa zoɓo. Kayan ƙamshin take tafasawa, busasshiyar citta da ta daddaka sama-sama, kanumfari cikin babban cokali ɗaya, da ɓawon abarba biyu da aka wanke tas. Sai ƙamshi ya cika gida ta sauke tukunyar, sannan ta zuba zoɓon da ta ɗauraye sau biyu don yashi ya fita, ta rufe, ta bar shi ya kwana. Ta ce daɗewa a wuta shi ke jawo baurin nan da muke ta danne shi da sukari. Ta zo da wanda ta jiƙa tun daren Juma'a, muka kurɓa babu sukari ko kaɗan. Tsaminsa a tsaye, babu ɗaci a maƙogwaro. Shekara tara ina wannan sana'a, ranar na san inda sukarina yake tafiya. Hajiya, Allah Ya ƙara lafiya da nisan kwana, Ya sa ki gama da duniya lafiya.

'Yar yayata da ke karanta kimiyya a jami'a, ke ma na gode. Gardamar kanwa ta daɗe a tsakaninmu, ke kika kashe ta da kofi biyu na gilashi. Ta tsiyaya zoɓo iri ɗaya a kowanne, ta ɗiga ruwan kanwa a ɗaya, ta matsa lemon tsami a ɗayan. Muna kallo na kanwar ya yi duhu ya doshi baƙi, na lemon tsamin ya ƙara ja kamar an kunna masa fitila. Ta bayyana mana cewa sinadarin da ke ba zoɓo launi yana sauyawa gwargwadon tsamin ruwan da yake ciki. Kanwa na kashe tsami, gaskiya ne, tana kuma rage cin sukari, amma tsamin nan na cikin abin da ke sa zoɓo ya jure zafi bai lalace da wuri ba. A wannan bazarar da muke ciki, wannan ba ƙaramar magana ba ce ga mai aika gora kasuwa tun safe.

Akwai abin da ya faru wanda sai da na nemi izinin masu shi kafin in rubuta.

Ɗaya daga cikin ƙannenmu masu aikin biki ta zo da Chapman, haɗin nan da ya yi suna daga Legas, wanda ake yi da Fanta da Sprite da kokwamba da yankan lemo da ƙanƙara a ƙaton kofi mai mariƙi. A ƙa'ida jan launinsa daga girenadin yake, ruwan zaƙin da asalinsa na rumman ne. Ita kuma ta cire shi, ta dafa zoɓo da sukari har ya yi kauri ta maye gurbinsa, dabara mai kyau ƙwarai. Tana cikin jera kayanta ta fito da wata 'yar kwalba mai rawayan murfi, takardar jikinta ta fi ta tsawo. Angostura ce, ɗigon ɗacin da ake sa wa Chapman. Haka aka koya mata a inda ta koyi aiki, ba ta taɓa juya kwalbar ta karanta ba. A cikin baƙina akwai wata Anti daga Sabon Gari, Kirista ce, ta yi shekaru tana aikin haɗa abin sha a otal. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kama hannun yarinyar suka shiga kicin, ta nuna mata rubutun da ke jikin kwalbar: kashi 44.7 cikin 100 barasa ce. Ta ce mata, "Ƙanwata, na san addininku, na kuma ji sharaɗin mai masaukin nan. Ba zan zauna ina kallo ba."

Yarinyar ta fito idonta ya kawo ruwa, da bakinta ta faɗa wa kowa. Ashe mutum huɗu a cikinmu suna da irin kwalbar a gida, su ma ba su sani ba. Anti ta ba mu labarinta: wani likita Bajamushe mai suna Siegert ne ya haɗa ta a 1824 a garin Angostura na ƙasar Benezuwela, a matsayin maganin ciki, yanzu kuma a Tirinidad ake yin ta. Masu ita ba su ɓoye komai ba, a rubuce yake, mu ne ba ma karantawa. Hukuncin ɗigo biyu a cikin kofi na malamai ne, kowa ta je ta tambayi nata. Mu dai a zamanmu mun ce babu, kuma mai sayen da ya amince da hannunmu yana da haƙƙin sanin abin da aka zuba masa. Anti ba ta tsaya a nan ba. Ta nemi ɓawon lemon zaƙi har da farin cikinsa, da kirfa, da kanumfari biyar, da ɗan ɓarin namijin goro, ta tafasa a ruwa kofi ɗaya har ya koma rabi, ta tace. Ƙaramin cokali ɗaya a kofi, sai ga ɗan ɗacin nan mai kama harshe ya fito. Wannan Chapman ɗin shi ya fara ƙarewa. Anti, kin rufa mana asiri, kin kuma girmama abin da muke girmamawa. Allah Ya saka miki da alheri, Ya raya miki zuri'a. Ke kuma ƙanwata, faɗin gaskiyar da kika yi a gaban mata 16 ba kowa zai iya ba. Allah Ya yi wa sana'arki albarka.

Sai maganar wuta. Tun daren Alhamis aka ɗauke, ba ta dawo ba har aka tashi taro. Safiyar Juma'a na buɗe firiza na tarar da ƙanƙarar da na tara ta mako guda ta zama ruwa, janareto kuma ya ƙi tashi. Na zauna a bakin ƙofar kicin na rasa abin da ke mini daɗi, don zoɓo mai ɗumi a wannan zafin ba abin da za a miƙa wa baƙo ba ne. Maigida, kai ka ce kada in soke. Daga masallacin Asuba ranar Asabar ka wuce neman ƙanƙara, ba ka dawo ba sai da ita. Malam mai ƙanƙara na bakin titi, ka san garin babu wuta, ka san ko nawa ka faɗa za mu biya, amma ka sayar mana a kuɗin jiya, ka lulluɓe ta da buhu da dusar katako, ka sa yaronka ya rako ta a Adaidaita. Maƙwabciyata mai sola, kin kwashe naman gidanki kin kai gidan surukarki don gorunanmu su samu wuri. Ban san da wane baki zan gode muku ba.

Duk da haka an yi asara. Wata 'yar'uwa ta haɗa kunun aya da zoɓo tun a gida, kafin ta iso zafi da tsami sun raba shi, ruwa a sama gari a ƙasa, ga warin tsami ya fara. Bokiti guda ta zubar. Da wata ce da ta juya gida. Ita kuwa ta aika aka sayo aya, mata uku suka taya ta gyarawa da markaɗe, ta sake yi a gabanmu ta hanyar da ta dace: kowanne ya yi sanyi daban, zoɓon mai kauri da zaƙin dabino ya fara shiga kofi tunda shi ne mai nauyi, sannan a tsiyaya kunun a hankali ta bayan cokali. Ja a ƙasa, fari a sama, ba su cakuɗe ba sai da aka juya. A takardarta har da abin da ya lalata na farkon ta rubuta.

Baƙinmu na nesa sun faɗaɗa mana ido. Yayarmu 'yar Maraɗi da aure ya kawo Kano ta yi bisab, wato zoɓo irin na can, da na'a-na'a mai yawa, wanda take murzawa a tafin hannu ta jefa bayan ya huce, ba a wuta ba. 'Yar'uwarmu da ta tashi a zangon Kumasi ta kawo sobolo, zoɓon mutanen Gana, mai kimba da citta har yana shaƙe hanci, masu mura suka yi ta ƙari. Malamar da ta yi karatu a Khartum ta jiƙa karkade, kamar yadda suke kiran zoɓo a can, a ruwan sanyi kawai, ta kuma ba mu labarin hilu-mur, abin shan azumin mutanen Sudan da ake yi da tsirarriyar dawa da kayan ƙamshi. Tana cikin bayani muryarta ta karye, don matar da ta koya mata tana cikin waɗanda yaƙin da ya ɓarke a 2023 ya raba da gidajensu. Muka tsaya muka yi musu addu'a. Allah Ya kawo musu zaman lafiya.

Kawu, buhun da ka aiko daga Maigatari ya iso lafiya, baƙin zoɓo mai kauri, babu tsakuwa. Na san yadda 'yan kasuwa masu fitar da shi waje suke rububinsa, musamman zuwa Meksiko inda suke shan sa kamar mu, amma ka ware mana mai kyau ka ƙi karɓar ko sisi. Ka isar mana da gaisuwa ga matan da ke ɓare shi daga ƙwallonsa da hannu, ƙaiƙayi na cin yatsunsu. Ita ma wadda ta ba da citta kyauta na gode, don tun cutar da ta afka wa gonakin citta a Kachia da kewayenta a 2023 kowa ta san yadda kuɗinta ya koma.

Ma'aikaciyar jinyar da ke cikinmu ta tunatar da mu cewa zoɓo na iya sauke hawan jini, don haka mai shan maganin hawan jini da mai juna biyu su tuntuɓi likita kafin su mayar da shi ruwan sha. Mun rubuta wannan a ƙasan kowace takarda. 'Yan matan gidana da suka wuni a bakin famfo suna wanke kofuna, da almajiran da suka yi ta ɗebo ruwa, Allah Ya yi muku albarka.

Ina neman afuwar waɗanda suka iso bayan La'asar suka tarar wasu haɗin sun ƙare, da waɗanda suka zauna a rana kafin a ɗaura rumfa ta biyu. Laifina ne, ban ƙiyasta yawan masu rakiya ba.

An kwafi takardun duka 17, kowa tana da nata a wurina. Zama na gaba an tsayar da mangwaro tunda lokacinsa ne, Yayarmu 'yar Maraɗi ce mai masauki. Akwai kuma shuɗiyar kula guda, da rariyar ƙarfe, da mayafi ruwan toka da aka manta a ɗakina. Mai su ta aiko a karɓa, ko ta bari in taho mata da su ranar.

Na gode, na gode. Allah Ya bar zumunci.