Zaɓaɓɓe a harasa: yadda muka kare kujerarsa

Bayan zaɓen Afrilun 2010 na yi aikin rubuta takardun ƙorafi a ofishin wani lauya a Gadarif, ƙasar Sudan. Aka kawo mana maganar wani manomin riɗi, Bahaushe, da mutanensa suka zaɓa ɗan majalisa, sai cek ɗin da ya ba mai binsa bashi ya dawo babu kuɗi. Aka buɗe masa balagi, wato ƙarar laifi, ƙarƙashin sashe na 179 na dokar laifuka ta 1991, aka kai shi harasa, wato wurin tsarewar 'yan sanda. Nan take masu harin kujerar suka fara cewa ai ta zama babu kowa.

Ba haka doka ta ce ba. Tsarin mulkin 2005, wanda ke aiki a lokacin, ya ce wanda ake tuhuma ba mai laifi ba ne sai kotu ta tabbatar. Abin da ke hana mutum takara a lokacin kuwa, a tsarin mulkin da kuma dokar zaɓe ta 2008, shi ne a yanke masa hukunci kan laifin da ya taɓa amana ko mutunci cikin shekaru 7 da suka wuce. Tsarewa ba hukunci ba ce.

Don haka muka fara da takardu. Muka karɓo lambar balagin da ranar kamu daga niyaba, wato ofishin masu gabatar da ƙara, da shaidar cewa shari'a ba ta kai ga hukunci ba. Muka bi lissafin tsarewar da dokar bin shari'ar laifuka ta 1991 ta gindaya: 'yan sanda awa 24, niyaba kwana 3, abin da ya wuce nan sai da sa hannun alƙali. Duk sabuntawar tsarewa muka nemi kwafinta.

Amma inda kujera ke suɓucewa ba kotu ba ne, rajistar halartar zama ce, kuma wannan ne ya fi tsaya min a rai. A lokacin, ɗan majalisar da ya ɓace zangon zama guda ba izini ba uzuri karɓaɓɓe yana iya rasa wakilcinsa. Mutum yana kulle, iyalinsa sun bazama neman kuɗin damana, wato beli, a can kuwa magatakarda na rubuta "bai zo ba" zama bayan zama. Babu mai karɓar maka uzuri da baki. Muka sa ya rubuta uzuri da hannunsa, jami'in da ke tsare da shi ya buga hatimi, muka kai wa shugaban majalisa, muka dawo da kwafi mai tambarin karɓa da kwanan wata. Kafin kowane zama muka sake kai wata takardar uzuri.

Muka kuma gargaɗe shi kada ya sa hannu a wata takarda sai lauya na wurin. Dattawa masu shiga tsakani kan zo da sulhu, a cusa murabus a ciki, su ce: «Malam, ka sauke nauyin nan ka huta.» Murabus a rubuce kuwa yana rufe magana nan take.

A balagin cek, damana takan bukaci a ajiye kuɗin da ke cikin cek ɗin. 'Yan uwansa suka sayar da buhunan dawa suka biya mai bashi, ya janye ƙararsa a gaban niyaba, muka karɓi takardar rufe balagin muka haɗa da fayil ɗin majalisa. Da aka tayar da maganar kujerar a zama na gaba, shugaban ya duba fayil ya ce babu hukunci, kuma kowane rashin zuwa da uzurinsa a rubuce.