Sikelin Madam da tef ɗin tela

Jiya na miƙa mukullin lokar kayana, bayan shekara 4 ina koyarwa a sashen mata na wani gidan motsa jiki. 'Yan ajin safe sun matsa in rubuta abin da na koya. Yawancinsa a gabanku aka yi. Abu ɗaya ne ban taɓa ba ku labarinsa ba.

A shekarata ta farko akwai wata Hajiya da ta haura hamsin, likita ne ya turo ta don sukarinta ya fara hawa. Ɗaga ƙarfe kam ta ce a kai kasuwa, ita ba 'yar dambe ba ce. Injin tafiya minti 30, keke minti 15, kwana biyar a mako, ko ana hazo ko ana zafin bazara. Minti 225 ke nan, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya 150 zuwa 300 ta ce babba ya samu a mako. Matar nan ba ta bar komai ba.

Kun dai san Asabar ɗin wurin: layi gaban sikeli, Madam, shugabar wurin, tsaye da alƙalamin maka, ana rubuta wa ta sauke kilo nawa a allo. Wata uku Hajiya na hawa, lamba na yawo tsakanin 83 da 84. Madam ta kira ni ofis, ta ce ko dai ban iya aikina ba, ko matar tana raina mini hankali. Tsoron albashi ya rufe mini ido. Asabar ta gaba, a gaban kowa, na ce, "Hajiya, tsakaninki da Allah, me kike ci da daddare?" Aka kwashe da dariya. Ta sauko a hankali, ta zura takalminta, ta gyara mayafi, ta ce, "'Yata, na haifi kamarki." Daga ranar ba ta sake taka wurin ba.

Bayan wata biyu muka yi kiciɓis wajen tela, ashe telarmu ɗaya. Na durƙusa na gaishe ta, kunya kamar ƙasa ta tsage. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma faɗan ta yi. Cewa kawai ta yi da telar, "Buɗe mata littafin awo." Kafin ta fara zuwa wajenmu ƙugunta inci 40. Awon da aka yi mata a makon da na kunyata ta, 38. Siket uku aka rage mata a watan.

Daren nan na koma kan littattafan da na karanta don jarrabawa kawai. Lita ɗaya ta kitse wajen kilo 0.9 ce, ta tsoka kusan 1.06, wato kitse ya fi cin wuri. Amma kada a yi muku daɗin baki: tafiya da keke ba sa tara tsoka mai yawa, sai 'yar kaɗan a ƙafafun wadda ta daɗe a zaune. Sauran nauyin ruwa ne. Tsokar da ta saba aiki tana ƙara ajiye sukarin da take ƙonawa, kowane giram nasa kuma yana riƙe ruwa wajen giram 3. Jini ma yana ƙara yawa a makonnin farko. A lokacin kuwa kitsen da ke kewaye da hanji da hanta, wanda ya fi alaƙa da ciwon sukari, yana raguwa ko da sikeli bai motsa ba. Abin da likitanta ya turo ta nema ke nan, ta samu, ni kuma na kore ta.

Na kai wa Madam shawara a riƙa awon ƙugu tare da sikeli. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce allo ba shi da wuri. Wurin da babu na san shi: shayin rage ƙiba da take sayarwa a kantar wurin, mai ganyen filasko a ciki, yana sa gudawa, mace ta zubar da ruwan jikinta daren Juma'a, ta wayi gari Asabar ta zama zakara a allo. Inci ba ya biye wa wannan wasan.

Tun daga nan nake auna 'yan ajina a ɗakin canza kaya. Tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da ƙashin ƙugu, bayan an saki numfashi, ba tare da an tsuke ciki ba, sau ɗaya a wata. Abin nema shi ne ƙugu ya gaza rabin tsawonki. Mai tsawon inci 64, ta nemi ƙasa da 32.

Sauran darussan gajeru ne. Kada ki hau sikeli ana gobe al'adarki ki ce duniya ta tashi. Kada ki gama gudu ki rama da lemon kwalba. Idan an kira ki ofis, ki nemi a rubuta miki laifinki a takarda.

Hajiya ta yafe mini, amma ba ta dawo ba, zagayen unguwa take yi bayan sallar asuba da maƙwabciyarta. Tef ɗin da kuɗina na saye shi, na tafi da abina. Wadda ke so ta sayi nata wajen masu kayan ɗinki.