Gado na shida

Jiya na miƙa makullin ofis, bayan shekara huɗu a ɓangaren tsofaffi na asibiti. Wanda zai gaje ni ya ce in rubuta masa 'yan shawarwari. Na zauna rubutu, sai gado na shida ya hana ni sakat.

Tsohuwa ce da ta haura tamanin, tana da robar fitsari tun da ɓarin jikinta ya shanye. Wata safiya 'yarta ta tare ni a bakin ƙofa: "Likita, yau Mama ba ta gane ni ba, ga fitsarin yana wari." Na tsoma tsinken gwaji, ya canza launi, na rubuta ciprofloxacin, wato antibayotik, maganin kashe bakteriya. Ba zazzaɓi, ba ciwon mara, ba ciwon kwiɓi. Bayan sati uku aka maimaita, na ba da ceftriaxone, wani antibayotik ɗin.

Abin haushin, na san karatun. Duk wanda roba ta yi wata guda a jikinsa, da wuya a rasa bakteriya a fitsarinsa, kuma galibi zaman lafiya suke yi da mai gida. Tsinke zai nuna su, amma ba zai ce su ne suka rikita ta ba. Daga baya wata sista ta nuna min takardar jinya: a lokutan biyu Mama ba ta shan ruwa, cikinta a bushe kwana da kwanaki. Ban duba ba. Maganin da na ɗura mata ya share bakteriya masu rauni, ya bar wa masu taurin kai fili.

Karo na uku ciwon gaske ya zo: rawar sanyi, jiki rau, awon jininta ya faɗi. Muka sake kama ceftriaxone muna jiran kwalcha, gwajin da ke nuna irin bakteriyar da maganin da zai kashe ta. Da sakamako ya fito bayan awa 48, bakteriyar E. coli ce mai ESBL, sinadarin da ke farfasa irin wannan maganin kafin ya yi aiki. Na bi layin takardar da yatsa: R, R, R, wato maganin ba ya cin ta, har ƙasa, inda meropenem ya nuna S, wato shi yana cin ta. Kwana biyu ke nan muna yi mata allurar banza. Meropenem ya farfaɗo da ita, sai zawon bakteriyar C. difficile ya biyo baya, irin wanda yawan antibayotik ke janyowa. Shi ya tafi da ita. Allah ya jiƙanta.

A taron bita, Oga, babban likitanmu, ya karanto mana cewa a 2019 mutum miliyan 1.27 bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe a duniya. Sannan ya juyo: "Kai, wa ya koya maka wannan?" Mutumin da kullum a zagaye yake cewa "fitsari ne, a rufe ta da magani". Na ce, "Kuskurena ne, ranka ya daɗe." Nawa ne kam, amma ba nawa kaɗai ba.

Sauran shawarwarin kuma gajeru ne. Canza tsohuwar roba kafin ka ɗibi fitsarin kwalcha, ka kuma ɗiba kafin allurar farko. Duba ƙoda kafin ka rubuta nitrofurantoin, antibayotik na ciwon fitsari. Kullum tambayi ko robar nan tana da sauran amfani. Saurari sistoci. A shekara biyun ƙarshe ban ƙara ba da magani saboda wari ba, ko da an yi min kallon mai rowa.

Idan Oga ya ba ka umarni da baki, rubuta a fayil da sunansa da lokaci. A fayil ɗin gado na shida, sa hannunsa na nan ƙarƙashin nawa, sau biyu.