Sikolashif ɗin rabin kuɗi da lissafin da nake wa iyaye a shagona

Ni fa ban taɓa zama na ce zan zama ejan ɗin karatun waje ba. Kafe na buɗe a Kabuga a nan Kano, kwamfuta huɗu da firinta ɗaya da wani tsohon injin fotokwafi da sai an lallaɓa shi, ina yi wa yara rijistar JAMB ina duba musu sakamakon WAEC da NECO. Wajen 2012 da gwamnatin Kwankwaso ta fara tura ɗalibai waje sai yara suka dinga shigowa, wannan a sikanin masa fasfo, wancan a buɗe masa imel, wani a cika masa fom, a haka a haka har na wayi gari na fi masu karatun sanin wace makaranta ke buɗewa a wane wata. Yanzu mu uku ne a shagon, ni da yarona mai buga takardu da wata ƙanwata da ke zama da ɗalibai mata, don akwai iyayen da sun fi sakewa in mace ce ke hulɗa da 'yarsu.

Kalmar da ta fi wahalar da ni a sana'ar nan ita ce sikolashif. Uba zai shigo da takarda a waya yana murna, Malam an bai wa yaron nan sikolashif na kashi 50, sai na ce Alhaji bismillah zauna tukunna. Wannan ragi ne, irin wanda kai ma kake yi a Kwari, ka ce shadda dubu ɗari ka bar wa mutum a saba'in ya tafi yana godiya. Makarantun kuɗi da yawa kusan duk wanda ya nema sai sun ba shi wannan kashin, sauran rabin kuma da dala ko yuro za ka biya shi shekara huɗu, ban da haya, ban da abinci, ban da inshorar lafiya da sabunta takardar zama da tikiti.

Kuma bari na faɗi abin da 'yan sana'armu ba sa son faɗa. Waɗannan makarantun su ne ke biyanmu la'ada, ka kai musu yaro ya biya kuɗin shekarar farko su yanko maka kasonka, shi ya sa za ka ga ejan ya dage kan makaranta ɗaya kamar ta ubansa ce. Sikolashif na gaskiya kuwa ko sisi ba ya ba ejan, fom ɗinsa ma kyauta ne, abin da nake samu a ciki kuɗin aikina ne kawai na zama da gyaran takardu. Ni ma na ci la'adar nan, ba zan yi ƙarya ba. A 2021 na tura wani yaro wata jami'a a Arewacin Sayifurus, babansa ɗan kasuwa ne mai rufin asiri, muka yi lissafi da canjin banki na Form A, wato fom ɗin neman dalar kuɗin makaranta a banki, lokacin dala ba ta kai 500 ba, komai ya zauna daidai. Da aka saki naira a watan Yunin 2023, kafin a shiga tsakiyar 2024 dala ta haura 1,500 a kasuwar 'yan canji ta Wapa, kuɗin da yake biya ya ninka uku, bawan Allahn nan ya sayar da fili ya biya zango ɗaya, na gaba ya gagara. Yaron ya dawo yana aji uku ba takarda, makarantar ma ta riƙe tiranskirif ɗinsa, wato takardar makin darussan da ya yi, saboda bashi. Uban bai taɓa faɗa min baƙar magana ba wallahi, mun haɗu a ɗaurin aure ya miƙo min hannu muka gaisa, kuma da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Tun daga nan duk wanda ya zo sai na ɗauko biro mun yi lissafin shekarun gaba ɗaya, na ɗora canjin yau sannan na ninka shi na ce Alhaji in ta kai haka za ka iya? In ya yi shiru na san amsar. Wasu suna fushi su tafi wani shagon, toh Allah ya raka taki gona.

Na gaskiyar akwai su, sai dai suna da lokaci kuma ba sa jiran kowa. Na gwamnatin Turkiyya ana buɗe shi 10 ga Janairu a rufe 20 ga Fabrairu, su biya kuɗin makaranta da hostal da inshora da tikiti, ga alawus duk wata, ka fara da shekara ɗaya ta koyon yarensu, amma mai neman digirin farko kar ya kai shekara 21, mai son likitanci kuma sai sakamakonsa ya kai kashi 90. Nan ne ake samun rigima don kowane uba a Kano likita yake so, yaro na da C biyar a WAEC a ce sai likitanci. Chevening na Ingila na mastas ne na shekara ɗaya, suna son ka riga ka yi aiki na awa 2,800 wato kamar shekara biyu, ka gama ka dawo gida ka yi shekara biyu. Na PTDF, wato asusun gwamnatin tarayya na bunƙasa fasahar man fetur, na ɓangaren mai da injiniyanci ne. Jami'ar Musulunci ta Madina ita ma kyauta ce, tana son takardun tazkiyya kuma kar ka wuce shekara 25. Ga na jiha, a 2023 gwamnatin Abba ta ɗauki 1,001 masu kyakkyawan sakamako zuwa Indiya da Yuganda. Jamus kuma yara na ji an ce ba kuɗin makaranta sai su rikice, eh yawancin jami'o'in gwamnatinsu haka ne, amma kafin biza sai ka ajiye yuro 11,904 a wani akawun da ake kullewa ana sakar maka wata-wata, kai ka buga shi da naira ka gani.

Kafin ma maganar kuɗi ina duba ko takardar za ta yi aiki a gida. A Janairun 2024 gwamnatin tarayya ta dakatar da tantance digirin Benin da Togo bayan wani ɗan jaridar Daily Nigerian ya samo digiri a Kwatano cikin sati shida, ranar wayata ba ta huta ba, har da waɗanda ba ni na tura su ba. Mai karanta likitanci a waje kuma ya sani akwai jarrabawar MDCN, hukumar da ke ba likitoci lasisi a Najeriya, tana jiransa in ya dawo. Ga zaman lafiyar ƙasar, mun ga yadda aka kwaso yaranmu daga Khartoum a 2023 wasu suna ajin ƙarshe.

Aikin yau da kullum kam ba wani armashi, yawanci gyaran suna ne. Fasfo ya ce Muhammad, WAEC ta ce Mohammed, NIN ta sa sunan kaka a tsakiya, ranar haihuwa iri uku, sai an je kotu an yi rantsuwa an koma ofishin fasfo na Farm Centre. Sai wasiƙar bayanin kai, yanzu kowa ChatGPT yake sawa ta rubuta masa, wasiƙa goma su zo min duk da buɗewa iri ɗaya, sai na ce ajiye wayar nan ka faɗa min da Hausa me ya sa kake son karanta harkar ruwa, yaro ya fara ba ni labarin yadda suke sayen kurar ruwa a unguwarsu, na ce to wannan za mu rubuta.

Yanzu haka fom bakwai na Turkiyya ne a gabana, biyu ba su kawo tiranskirif ba har yau suna ta sintiri a tsohuwar makarantarsu, ɗaya kuma babanta ya ce sai ya zo da kansa bayan la'asar ya ji wace irin hostal ake sa mata, ga man janareto ya ƙare tun safe.