Kitsen gado da famfon ƙwayar jini: abin da na gani a labo

Aikin ƙarshen karatuna a wani labo na Yamai na yi shi, a kan jinin mutanen da suka gaji yawan kolesterol, wato wani nau'in kitse da ke cikin jini. Ciwo ne da ke samun kusan mutum 1 cikin 250. Hantarsu ba ta iya kwashe LDL, wato mugun kolesterol, daga jini yadda ya kamata, saboda matsala a ƙofar da ke karɓarsa, wadda masana Brown da Goldstein suka gano har suka samu kyautar Nobel a 1985. Da yawa daga waɗanda muka ɗibi jininsu sirara ne, shi ya sa ba su taɓa zaton suna da "kitse a jini" ba.

Tambayar da malamina ya ba ni ita ce: wannan kitsen yana taɓa fatar ƙwayar jini? Jar ƙwayar jini ba ta ƙera kolesterol da kanta, musaya take yi da ruwan jinin da take yawo ciki har kwana 120. In kolesterol ya yi yawa a fatarta, sai ta yi tauri. A cikin fatar nan kuwa akwai famfon da masani Skou ya gano a 1957, mai fitar da sodiyom 3 ya shigo da potasiyom 2 a kowane zagaye. Don mu san ƙarfinsa, mukan raba jini biyu, mu zuba wa rabi uwabayin, maganin da ke tsayar da famfon cak, sannan mu gwada. Uwabayin daga dangin kwankwani ake samunsa, itacen da maharbanmu ke dafa dafin kibiya da shi.

Bambancin da na gani tsakanin masu ciwon da sauran mutane ƙarami ne, kuma yadda aka riƙe jinin yana iya shafe shi gaba ɗaya. Nan ne na fi koyo. Jinin da ba a raba ruwansa da ƙwayoyinsa ba, in aka sa shi a firijo, sanyi kan kwantar da famfon, potasiyom ya zubo waje, sakamako ya fito sama alhali mutum lafiyarsa lau. In kuma aka bar shi cikin zafin Afirilu ko aka girgiza shi a bayan babur, ƙwayoyin su fashe. Dole a juya shi a injin da ke raba ruwan da ƙwayoyin da wuri, kuma mutum ya zo bai karya ba.

A ganina awon famfon bai kai a yanke wa maras lafiya hukunci da shi ba. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata baiwar Allah mai kumburi a jijiyar dunduniya, ɗaya daga alamomin wannan ciwon, LDL ɗinta ya wuce giram 1,9 a lita nesa ba kusa ba. Na ce mata, "Hajiya, kowane ɗanki yana da rabin yiwuwar gadon wannan, ki kawo su a auna." Ta kawo su, likita ya fara ba babban ɗanta maganin sitatin, mai rage kolesterol.